FITILAR ISKAR TAYA: Abin da Take Faɗi da Abin da Ya Kamata a Yi

Jawabin da aka yi wa taron direbobi, masu motoci da masu faci a garin Gombe



 Abin da ya tara mu yau ƙarami ne a ido, watau wata 'yar fitila mai launin ruwan ɗorawa da kan kama a allon gaban direba. Siffarta kamar tukunya ce mai buɗaɗɗen baki, da ɗan tsayayyen layi da ɗigo a cikinta. A wasu motocin kuma haruffa huɗu ne ke fitowa, TPMS. Na tabbata a cikinku akwai waɗanda wannan fitila ta yi wata da watanni tana ci a motarsu, har ido ya saba da ita. Akwai ma wanda na gani ya manna mata baƙin salatif don kada ta dame shi da dare. To, wannan fitila manzo ce daga tayoyin mota, kuma wanda ya toshe bakin manzo bai hana labarin zama gaskiya ba.

Garin Gombe mararraba ce. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Bauchi, tafiyar kimanin kilomita 150. Wata ta bi ta Kumo da Billiri da Kaltungo ta nufi Numan da Yola. Wata ta bi Dadin Kowa zuwa Biu, wata ta bi Bajoga zuwa Potiskum, wata kuma ta bi Dukku da Darazo zuwa Kano. Duk waɗannan dogayen hanyoyi ne, ga lodi, ga ramuka a wasu wurare, ga kuma zafin kwalta a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana kan kai awo 40. Duk nauyin mota da na mutanen da ke cikinta a kan iskar da ke cikin tayoyi huɗu yake, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Sabo da haka maganar iskar taya magana ce ta rai.

ASALIN WANNAN FITILA

Motar farko ta shiga da aka sa wa irin wannan na'ura ita ce Porsche 959, ta ƙasar Jamus, a shekarar 1986. A lokacin abin ƙawa ne na masu hali. Abin da ya mai da ita tilas kuwa wata masifa ce da ta auku a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, inda tayoyin kamfanin Firestone da ke ƙarƙashin motoci samfurin Ford Explorer suka yi ta ɓarewa ana cikin gudu, motocin suna kifewa, har aka rasa rayuka fiye da 200. Daga cikin abubuwan da aka tattauna a binciken akwai ƙarancin iska da zafin hanya. A shekarar 2000 majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a kan lamarin, kuma daga 1 ga Satumba 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a ƙasar dole ta zo da wannan na'ura. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma sun wajabta ta ga dukkan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamba 2014.

Ka ga ke nan yawancin motocin gwanjo da ake shigo mana da su, in dai na Amurka ne daga ƙirar 2008 zuwa sama, ko na Turai daga ƙirar 2015, da wannan fitila suka zo. Kuɗinta yana cikin kuɗin da mai mota ya biya. Rashin sanin amfaninta ne kawai ya sa ake ɗaukarta fitina.

ME RASHIN ISKA KE YI WA TAYA?

Ku ɗauki waya ta ƙarfe ku yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Kafin a jima za ku ji ta yi zafi, daga nan sai ta karye. Haka gefen taya yake idan iska ta yi mata kaɗan. Kowane juyi ɗaya gefen nan sai ya lotsa ya miƙe, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tayarta na juyawa fiye da sau 800 a minti guda. Zafi ya yi ta taruwa, roba ta fara rabuwa da wayoyin da ke cikinta, har a wayi gari a tsakiyar hanya a ji ƙara kamar ta bindiga. Idan tayar gaba ce, sitiyari ya ƙwace. Ban da wannan, tayar da ba ta da isasshiyar iska tana cinyewa ta gefe biyu tun kwananta bai kai ba, tana sa mota shan mai, ga shi kuwa kowa ya san yadda kuɗin mai ya koma tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023.

Cika iska fiye da ƙima shi ma yana da nasa sharrin. Sau da yawa direba kan tsaya wurin mai faci ya ce a sa masa 45 ko 50, wai don mota ta yi sauƙin gudu ko don ya ɗauki kaya. Taya ta yi tauri kamar dutse, tsakiyarta kaɗai ke taɓa kwalta, birki ya rage kamu, kuma in ta faɗa rami sai ta yi ƙulu ko ta fashe. Ku lura da kyau, a yawancin motoci fitilar nan ba ta faɗin komai idan iska ta yi yawa. Ƙarancinta kawai take lura da shi.

To, nawa ne daidai? Amsar tana jikin motar kanta. Ku buɗe ƙofar direba, ku duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa, za ku ga wata takarda manne. A wasu motocin Turai tana bayan murfin tankin mai. A nan kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta iskar tayoyin gaba da na baya, wani lokaci har da ta ranar da aka yi cikakken lodi. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke a ma'aunin da ake rubutawa PSI, wanda shi ne masu facinmu suka saba da shi. Idan an rubuta 2.2 bar ko 220 kPa, daidai yake da 32. Lambar da ke jikin taya kuwa, irin su 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, kada a yi aiki da ita.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Iri biyu ce, kuma ya kamata kowane mai mota ya san wadda ke cikin tasa.

Iri na farko, a cikin kowace taya akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai kwalin ashana biyu girma ba, haɗe da gindin bawul, watau bakin da ake hura iska. Makanikai na kiranta sansa. Tana da ɗan batir nata a rufe, tana auna iska, tana aika wa kwamfutar mota labari ta iska kamar rediyo. Yawancin motocin Toyota da Lexus da aka ƙera domin Amurka irin wannan gare su. Sau da yawa akan gane su da bawul na ƙarfe mai noti a gindi, ko da yake akwai masu bawul na roba. Batirin kan yi shekara 5 zuwa 10, kuma in ya mutu sai dai a sake sansar ɗungum.

Iri na biyu babu komai a cikin taya. Kwamfutar mota ce ke ƙirga juyin kowace ƙafa ta hanyar na'urorin birkin ABS. Tayar da ta rage iska takan ɗan ƙanƙance, sai ta fi 'yan'uwanta saurin juyi, kwamfuta ta gane. Motocin Volkswagen da yawa, da Honda Accord daga ƙirar 2013, haka suke. Wannan iri ba shi da batirin da zai mutu, amma duk lokacin da aka ƙara iska ko aka sauya taya sai an sanar da kwamfuta cewa wannan ne sabon ma'auni.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya tafi da shi gida. Bisa dokar Amurka, ba a tilasta wa fitilar kamawa ba sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100, watau rubu'i. Idan motarka 32 take bukata, fitila na iya yin shiru har sai taya ta sauko 24. Wanda ke tafiya da 26 daga Gombe zuwa Yola a tsakiyar bazara, da mutum biyar da buhuna a but, allon gabansa ba zai nuna masa komai ba, alhali tayarsa na dahuwa. Sabo da haka shirun fitila ba shaidar lafiya ba ce. Geji ne shaida.

IDAN FITILA TA KAMA

Da farko a lura da yadda ta kama, domin magana biyu take yi. Duk lokacin da aka kunna mota takan haska na 'yan daƙiƙu tare da sauran fitilu ta mutu, wannan gwaji ne kawai. Idan ta kama ta tsaya cak, tana cewa akwai tayar da iskarta ta yi ƙasa. Idan kuwa ta yi ta ƙiftawa na kimanin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sa'an nan ta tsaya, tana cewa na'urar ce kanta ba ta da lafiya.

Idan ta tsaya cak ana cikin tafiya, ga abin yi:

1. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, a rage gudu sannu a hankali. Kada a taka birki da ƙarfi. A sami wuri mai fili a gefen hanya, nesa da kwana, a tsaya.

2. A zagaya a duba tayoyin duka. A nemi ƙusa, ko tsaga, ko ƙulu a gefe. Tayar da ta yi ƙulu ta gama aiki, a sa safaya.

3. A auna kowace taya da geji. Dukan taya da ƙafa ko da sifana ba awo ba ne, domin tayoyin zamani kan rasa iska mai yawa ido bai gani ba.

4. A cika wadda ta rage zuwa lambar da ke jikin ƙofa. Idan ba a ga inda take zuba ba, a shafa ruwan sabulu a bakin bawul da gefen wili da fuskar tayar, kumfa zai nuna wurin.

5. A ci gaba da tafiya. A yawancin motoci fitilar kan mutu da kanta bayan tafiyar minti 10 zuwa 20. Wasu kuma sai an danna maɓalli. A motocin Toyota da yawa yana ƙarƙashin sitiyari, a wasu yana cikin allon sarrafawa. Amma kada a taɓa maɓallin nan sai an daidaita iska, domin wanda ya danna shi da taya a sace ya koya wa kwamfuta ƙarya.

Idan duk huɗun sun yi daidai fitila ba ta mutu ba, a duba safaya. Wasu manyan motoci masu cikakkiyar safaya ita ma akwai sansa a cikinta, tana can a baya an manta da ita shekara da shekaru. 'Yar siririyar safayar nan ta wucin gadi kuwa yawanci 60 take bukata, an rubuta a jikinta.

FITILAR HUNTURU

Akwai wata tambaya da ake yawan yi a watannin Disamba da Janairu. Mutum ya fito da asuba ya tada mota, fitila ta kama, kafin ya kai Tudun Wada daga Tumfure ko rana ta ɗan ɗaga sai ta mutu. Sai ya ce ai na'urar ce ta rikice. Lafiyarta lau. Iska takan takure da sanyi ta buɗe da zafi, kuma duk saukar awo 5 zuwa 6 na yanayi yana rage wa taya kimanin 1 a geji. A hunturun Gombe tsakanin sanyin asuba da zafin azahar ana iya samun bambancin da zai kai 3 a geji. Tayar da ke 26 da rana ta wayi gari a 23, fitila ta kama, tafiya ta ɗumama ta, fitila ta mutu. Ma'anar wannan ita ce tayar tana bakin gaɓa, a je a cika ta.

Wannan ne ma dalilin da ya sa ake auna taya tana sanyi, watau da safe kafin a fita, ko bayan mota ta huta awa 3. Wanda ya iso daga Bauchi ya auna nan take zai ga ta haura da 3 ko 4 ko fiye. Kada ya sace ta. In ta huce za ta koma daidai da kanta.

IDAN TANA ƘIFTAWA

A nan sai a yi wa kai tambaya: me aka yi wa motar kwanan nan? Ni kaina abin ya taɓa faruwa da ni. Na tsaya faci a wani gari a kan hanyar Yola, yaron shagon ya zura ƙarfe daidai wurin bawul ya danna. Muka rabu lafiya, ban yi nisa ba fitila ta fara ƙiftawa. Da aka buɗe tayar a Gombe sai ga sansa a karye tana yawo a ciki. Kuɗin sabuwa ya ninka kuɗin facin sau da yawa, kuma laifina ne rabi, domin ban gaya masa akwai ta ba.

Abubuwan da suka fi jawo ƙiftawa su ne: batirin sansa ya mutu don tsufa, an karya ta wurin cire taya, an cire ta an sa bawul na roba, ko an zura tub a tayar da ba a yi ta don tub ba, an sayi sababbin wili na ado an bar sansa a jikin tsofaffin, ko an sa sabuwar sansa ba a gabatar da ita ga kwamfutar mota ba. Ruwan toshe huda da ake ɗurawa a taya shi ma yana iya toshe ta. A motoci masu iri na biyu kuwa, in fitilar ABS ta kama tare da ita, to, ciwon yana wajen na'urar birki.

Maganin shi ne a je wurin mai gyara da ke da na'urar duba mota. Zai bi ƙafa ƙafa ya gano wadda ta yi shiru. Wajen sayen sabuwa a tabbata ta dace da motar, domin yawancin motocin Amurka na wancan lokaci da zangon 315 suke magana, na Turai kuwa 433, kuma ɗaya ba ta jin ɗaya. Idan motar ta haura shekara 10 kuma sansa ɗaya ta mutu, sauran ma suna hanya, gara a sake su lokacin da ake sauya tayoyi a huta da buɗewa sau biyu. Wanda bai da halin gyara yanzu, ya sani motarsa ta koma kamar ta da, sai ya riƙe geji da kyau. Amma cire ƙwan fitilar ko rufe ta, wannan yaudarar kai ce, kuma zalunci ne ga wanda zai sayi motar nan gaba.

GA 'YAN'UWANMU MASU FACI

Ku ne likitocin taya, kuma rayuka da yawa na bi ta hannunku ba ku sani ba. Ina roƙonku abu huɗu. Ku tambayi mai mota ko akwai sansa kafin ku sa ƙarfe, ku kuma fara ɓamɓare taya daga nesa da bawul. Ku buɗe ƙofa ku karanta takardar nan kafin ku hura iska, ko da mai mota ya ce a cika masa. Ku riƙa gwada gejinku da na wani, domin gejin da ya sha faɗuwa ƙasa yakan yi ƙarya. Kada kuma ku ɗaura murfin tagulla a bawul na alminiyam, domin sukan ci juna su manne, wajen kwancewa bawul ya karye. Murfin roba ya wadatar. Ku koya wa yaranku wannan, mai facin da ya iya aikin motocin zamani ba zai rasa ciniki ba.

ABIN DA FITILA BA TA GANI

Na'urar nan iska kawai ta sani. Ba ta san tsufan taya ba, ba ta san suɗewarta ba. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Ikeja a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, kuma tsofaffi na gwanjo sun cika kasuwa, ko da yake suna cikin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su. Araha ba ta ado. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kun ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin a kiyayi tayar da ta wuce shekara 4 da ƙira. Zanen taya kuma kada zurfinsa ya gaza milimita 1.6. Akwai 'yan tudu a cikin ramukan zanen, in fuskar taya ta yi daidai da su, a sauya ta kafin damina.

Masu tsofaffin motocin haya, da bas, da Keke, da babura, waɗanda ba su da wannan fitila ko kaɗan, duk abin da na faɗa game da awo ya fi shafarku. Geji ɗan ƙarami ne, yana shiga aljihu, ana samunsa wurin masu sayar da kayan mota. Taya lafiyayya ma takan rasa kimanin 1 zuwa 2 a wata ba tare da huda ba. Mai motar gida ya auna aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Direban haya ya auna kowace safiya kafin ya shiga layi, aikin minti biyar ne. Ina kira ga shugabannin tasha su ajiye geji mai kyau a ofis, su sa a duba kowace mota kafin a yi mata lodi. Fasinja ma yana da haƙƙin ya dubi tayar motar da zai shiga, in ya ga ƙulu ko waya a waje ya yi magana. Idan kuma haɗari ya auku, Allah Ya kiyaye, lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Jama'a, Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Gobe da safe, kafin ku tada mota, ku buɗe ƙofa ku karanta lambar nan, ku auna tayoyinku biyar har da safaya. Wanda ya rufe fitilarsa da salatif ya ɓare shi yau. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya, Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya.